Me ya sa mai hostin yake hana ka ɗora bot a kan sabar haɗaka?

Ƙorafin da ya fi yawa yanzu daga 'yan uwanmu masu sana'a a Jidda da Makka shi ne, mutum ya biya kuɗin hostin na shekara, wato hayar wurin ajiye shafin intanet a saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafuka), ya zo zai ɗora bot ɗinsa, wato manhajar da ke amsa saƙo da kanta, a ce masa a'a. Ejan na Umara yana so bot ɗin Telegram ya riƙa gaya wa mutane farashin masauki da ranar jirgi, Hajiya mai abaya da turare tana so WhatsApp ɗinta ya riƙa ba da amsa ko tana barci, masu kago da ke tura kaya Kano suna so kwastoma ya turo lambar rasit bot ya gaya masa inda kayansa suka kwana. Duk buƙatu ne na halal, ba wanda ya zo da sharri. Amma da an ce ba zai yiwu ba sai ka ji ana cewa ai rowa ce kawai, ko kuma so ake a tura mutum ya sayi babban fakiti. Ni da nake ɗan taɓa sayar da hostin ɗin nan ina gefen masu hanawa, kuma dalilin ba wai bot mugun abu ba ne, dalilin shi ne in ya janyo masifa ba a kan mai shi take sauka ba, a kan maƙwabtansa take sauka da kuma wanda sunansa ke jikin sabar.

Abin da ka saya a hostin mai araha ba kwamfuta ba ce taka, wani lungu ne a cikin kwamfuta ɗaya da ke ɗauke da shafukan mutane da yawa, wani lokacin ɗaruruwa. Furosesa ɗaya, RAM ɗaya (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin), layin intanet ɗaya, sannan galibi lambar IP ɗaya, wato adireshin sabar a intanet, ita ce kowa yake fita da ita. Abin da ya sa yake da araha kuwa lissafi ne mai sauƙi: shafin intanet yawanci barci yake yi. Wani ya buɗe shafinka, PHP, injin da ke haɗa shafi, ya tashi ya haɗa masa abin da ya nema cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya miƙa, ya mutu, ya saki RAM ɗin da ya riƙe wani ya ɗauka. Mai hostin ya gina kasuwancinsa ne a kan cewa ba za ku farka gaba ɗaya lokaci guda ba, kuma duk wanda ya farka ba zai daɗe ba.

To bot ba ya barci, nan ne gizo ke saƙar. Bot ɗin Telegram da aka fi rubutawa, irin wanda yara suke kwafowa da Python, yana zaune ne yana tambayar Telegram ko akwai sabon saƙo, ya riƙe layi yana jira, in ba komai ya sake tambaya, haka dare da rana har sai an kashe shi. Na Discord ma, wani dandalin hira, sai ya riƙe layi a buɗe kullum yana aika alamar cewa yana raye. Duk wanda ya zauna a imara, wato benen haya, a Jidda ya san zancen tankin ruwa, tanki ɗaya ne kowane gida daga shi yake sha, in wani a hawa na uku ya bar famfo yana zuba ba tsayawa ba shi kaɗai zai tashi ba ruwa ba, kowa sai ya zauna jiran wayit, motar tankin ruwa. Bot guda ɗaya mai ladabi ba zai kayar da saba ba, gaskiya ne, amma in ka yarda wa mutum ɗaya da wane baki za ka hana sauran? Mutum 50 kowa da nasa yana riƙe da megabayit 100, gigabayit 5 kenan sun tafi ba dawowa, tun kafin a buɗe shafi ko ɗaya.

Na WhatsApp shi ne ya fi ci mini rai. Mafi yawan waɗanda ake yi wa mutanenmu a kan 'yan riyaloli ba ta ƙofar da Meta, mai WhatsApp ɗin, ta buɗe suke bi ba, kwaikwayon WhatsApp Web suke yi, wasunsu ma sai sun kunna Chrome sukutum a ɓoye cikin sabar, ba fuska ba allo, yana zaune yana cin RAM. Wanda ya taɓa buɗe Chrome a tsohuwar laftof ya san irin cin da yake yi. Akwai daren da shafukan kwastomomina suka fara nauyi bayan isha'i, na shiga na duba abin da ke gudana, sai ga layi bayan layi duk Chrome, duk a ƙarƙashin akawun ɗaya. Ashe yaron da ya haɗa wa mai akawun ɗin bot ya sa cron, agogon sabar da ke kunna aiki a kan lokaci, ya riƙa tayar da shi duk minti ɗaya wai don kar ya mutu, bai sa a duba ko na farkon yana nan da rai ba, sai kowane minti sabo ya hau kan tsoho. Da na kira mai akawun ɗin, dattijo ne mai mutunci, cewa ya yi "Malam ni fa ban taɓa komai ba, yaron nan ne ya ce in bar masa." Na ce Alhaji na sani, amma mutanen da shafinsu ya tsaya ba su san yaron ba, ni suka sani. In RAM ta ƙare gaba ɗaya kuma, Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, da kansa yake zaɓar wanda zai kashe don ya tsira, kuma sau da yawa babban mai cin RAM yake kamawa, wato MySQL, rumbun ajiye bayanai, wanda kusan duk shafukan WordPress da ke kan sabar da shi suka dogara.

Na san abin da masu ɗan sani za su ce, ai yanzu akwai CloudLinux, nau'in Linux na masu hostin, kowane akawun an yanka masa iyakarsa ta furosesa da RAM da yawan abin da zai iya kunnawa, in ya wuce shi kaɗai zai ga kuskuren nan na 508 a shafinsa. Haka ne, kuma ya rage matsalar sosai, ban musa ba. Amma CloudLinux RAM yake rabawa, ba ya raba suna. Lambar IP ɗin nan dai guda ce, kuma duniyar waje ba ta san akawun ɗin wane da na wane ba, lambar kawai take gani.

Wannan dokar ta hana bot ba yau aka fara ta ba, ta girmi Telegram nesa ba kusa ba, don shi sai a 2015 ya buɗe ƙofar bot. Tun 1988 wani ɗan Finlan, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro IRC, dandalin hira na rubutu zalla mai ɗakuna-ɗakuna. A can in kowa ya fita daga ɗaki, duk wanda ya fara shigowa shi ne shugaba, shi ya sa mutane suka fara ajiye bot ya zauna ya tsare musu ɗaki. Mafi shahara shi ne Eggdrop da Robey Pointer ya rubuta a 1993, har yau yana nan ana amfani da shi. Sai masu son ƙwace ɗaki suka gane ai ba sai ka yi faɗa da mutane ba, ka nemo lambar IP ɗin da bot ɗin yake zaune ka yi mata ruwan saƙonni har layin ya toshe bot ɗin ya faɗi, ka shige ka zama shugaba. Rigimar yara a ɗakin hira, amma kamfanin da ya ba bot ɗin masauki shi ke kwana a ciki. Abin ya kai manyan hanyoyin IRC kansu sun sha wuta, Undernet a farkon 2001, DALnet kuma daga ƙarshen 2002 zuwa farkon 2003 har ta kusa durƙushewa. Ga kuma masu ƙwayoyin cuta irin su Agobot da SDBot da suka mayar da IRC wajen ba kwamfutocin da suka kama umarni. Daga nan ne kamfanonin hostin da yawa suka rubuta a sharuɗɗansu ƙarara cewa ba IRC ba bot, suka toshe ƙofa ta 6667 da IRC ke bi, kuma in ka karanta sharuɗɗan da ka danna "na yarda" ba ka duba ba, akwai yiwuwar za ka tarar da layin yana nan har yanzu.

Dandalin ya canza amma halin mutane bai canza ba. Shafin mai sayar da dabino ba shi da abokan gaba, wa zai ɓata lokacinsa a kai? Bot ɗin da ke tsaron guruf kuwa aikinsa kenan yin abokan gaba, shi ke korar mutane, shi ke goge saƙo, shi ke rufe bakin wanda ya yi zagi. Ka san yadda gurufunmu suke zafi in aka shiga siyasar gida ko saɓanin malamai ko ƙwallo. Yaro ɗaya da aka kora ya ji haushi ya isa, don yanzu harin DDoS, wato ruwan saƙonnin nan da ke toshe layi, haya ake ba da shi, ba sai ka iya komai ba. A 2016 ƙwayar cutar Mirai, wadda ta tattara kyamarorin tsaro da rawutocin gida da ba a canza musu fasuwod ba, ta kai wa kamfanin OVH na Faransa hari da ya kusa terabit 1 a daƙiƙa, a watan Oktoba kuma ta bugi Dyn a Amurka, kamfanin da ke nuna wa burauza hanyar shafuka, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga mutane da yawa. Ƙaramar sabar haɗaka ba ta buƙatar ko kaso ɗaya cikin ɗari na wannan. Kuma abin da cibiyar da ke ajiye sabar take yi in hari ya yi yawa shi ne ta jefar da duk abin da ke zuwa wa lambar IP ɗin don ta ceci sauran injinanta, ba ruwanta da waye mai laifi. Shikenan shafin ejan, da na mai abaya, da na makarantar Islamiyya, duk sun ɗauke tare, in a lokacin Ramadan ne ko gab da Hajji da kasuwa ke ci, sai dai a ce inna lillahi.

Ko ba hari, akwai zubewar mutuncin lambar. Discord ya rubuta a ƙa'idarsa cewa lambar IP ɗin da ta aiko buƙatu marasa inganci 10,000 cikin minti 10 za a toshe ta na wani lokaci, lambar fa aka ce, ba bot ɗin ba, to bot ɗin wani da ya haukace yana maimaita kuskure zai ja a rufe wa kowa. Wanda ya fi ciwo shi ne imel. In bot ɗin wani ya fara watsa saƙonnin talla ko aka yi kutse ta cikinsa aka mayar da shi injin watsa shara, ƙungiyoyi irin su Spamhaus za su sa lambar a baƙin kundi, manyan masu karɓar imel kuma suna duba irin wannan kundin. Washegari ejan ya tura wa otal a Madina takardar tabbatar da ɗakuna, saƙon ya dawo ko ya faɗa kwandon shara, shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Fitar da lamba daga kundin nan kuma sai an gano tushen matsalar an gyara an roƙa, ba danna maɓalli ba ne.

Sai zancen abin da ke cikin bot ɗin kansa. Gaskiya mu faɗa, kaɗan ne suke rubuta nasu daga farko, yawanci daga GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ake saukewa ko a guruf a turo fayil a ce ga shi nan yana aiki, shi kuma in ka girka shi sai ya janyo wasu ɗaruruwan ƙananan manhajoji da ba wanda ya karanta. A 2018 an gano wani ya karɓi kula da event-stream, ƙaramar manhajar Node.js da ake saukewa sau miliyoyi, ya cusa mata lambar satar kuɗin kirifto, kuma an ɗau makonni kafin a farga. In hakan ta faru da abin da idon duniya ke kai, ina ga fayil ɗin da wani ya turo maka a Telegram? Sannan bot ƙofa ce da ke karɓar rubutu daga duk wanda ya ga dama, in mai rubutawa ya yi sakaci ya bar abin da baƙo ya rubuta ya isa ga umarnin sabar, to baƙon ya shigo. Za a ce ai akwai katanga tsakanin akawun da akawun, CageFS da makamantansa, e akwai, amma duk kan Linux ɗaya suke zaune. Ɓarakar Dirty COW da aka bayyana a 2016 ta kai shekara 9 tana cikin Linux ba a sani ba, kuma tana ba ƙaramin akawun damar zama mai gida gaba ɗaya. Irin wannan ba kullum take fitowa ba, amma ranar da ta fito, yawan baƙin manhajojin da ke gudana a sabarka shi ne yawan hannayen da ke kusa da makulli. Tokin ɗin ma, wato makullin sirrin bot da BotFather na Telegram yake bayarwa, sai ka ga an ajiye shi a fayil cikin public_html, foldar shafi, inda kowa zai iya buɗewa da burauza, wanda ya same shi kuwa ya mallaki bot ɗin, zai iya tura wa kwastomominka sabuwar lambar asusu da sunanka.

Akwai kuma wanda da gangan ya zo. Saƙonnin nan na ƙarya da ke shigowa waya, wai kayanka sun maƙale a gidan waya ka biya riyal kaɗan, ko wai Absher ɗinka, akawun ɗin hidimomin gwamnatin Saudiyya, zai rufe ka sabunta, da yawan irin shafukan nan bot ɗin Telegram ne yake kwashe lambar katin da mutum ya rubuta ya miƙa wa ɓarawon nan take. Irin waɗannan hostin mai araha suke nema, su biya wata ɗaya su yi ɓarna su gudu. Daga waje kuma ba ka iya bambance nasu da na mai kago, duka biyun magana suke da Telegram ta rufaffen layi.

A nan Saudiyya wannan ba abin wasa ba ne. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 2 kan damfara da shiga bayanan banki ko katin mutane, tsayar da hanyar sadarwa ko lalata bayanai har shekara 4 da miliyan 3, yaɗa abin da ya taɓa tsarin jama'a ko addini ko tarbiyya har shekara 5 da miliyan 3, kuma dokar ta haɗa da wanda ya taimaka. Ban ce mai hostin da bai san komai ba za a ɗaure shi ba, amma bincike daga lambar IP yake farawa, ya bi ta kan wanda ya yi rajistar sabar, kuma duk mai zaman iƙama ya san ko kiran "zo ka yi bayani" kaɗai ya isa ya hana shi barci ya kuma ɓata tsakaninsa da kafili. Ga dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023 ƙarƙashin SDAIA, hukumar bayanai ta ƙasar, tararta tana iya kai riyal miliyan 5. Yanzu ka tuna me bot ɗin ejan yake karɓa: hoton fasfo, lambar waya, hoton biza, duk a jibge a folda ɗaya a sabar da mutum ɗari ke ciki. Wallahi wannan ya fi damuna a kan zancen RAM.

Masu bot na AI kuma kashi biyu ne. Wanda ke tura tambaya ga OpenAI ko wani kamfani ya karɓo amsa bai da nauyi sosai, sai dai amsar tana ɗaukar daƙiƙoƙi, duk tsawon jiran nan yana riƙe da gurbi, in mutum 30 suka yi magana tare shafinka ya cike, kuma in makullin ya zube wani zai ci kuɗinka. Wanda yake so ya ɗora ƙwaƙwalwar AI ɗin kanta a hostin na riyal 15 kuwa, wannan ba ma sai mun tsaya ba, gigabayit nawa aka ba ka?

Ba kowane bot nake hanawa ba dai. Telegram yana da hanya ta biyu, webhuk, inda maimakon bot ya zauna yana tambaya, Telegram ne yake ƙwanƙwasa adireshin shafinka in saƙo ya zo, fayil ɗin PHP ya tashi ya amsa ya mutu, daidai yadda shafi yake yi. HTTPS, wato rufaffen layi, kawai yake buƙata, kuma Let's Encrypt kyauta yake bayarwa. Bot ɗin mai kago da ke duba lambar rasit ya ba da amsa, in aka rubuta shi haka, ina yarda, da sharaɗin na ga abin da ke ciki, tokin ɗin yana wajen public_html, kuma ba ya ajiye takardun mutane. Na WhatsApp ma tun 2022 Meta ta buɗe Cloud API, ƙofarta ta hukuma, shi ma da webhuk yake aiki, ana biyan kuɗi kan wasu saƙonnin amma lambarka tana cikin aminci, saɓanin na bayan fage da ranar da WhatsApp ya gano zai rufe lambar da ka shekara goma kana tara kwastomomi a kanta.

Wanda dole sai ya zauna a kunne, na Discord, na tsaron guruf, na kiɗa ko karatu, wurinsa VPS, wato yankin saba da aka keɓe maka kai kaɗai kamar kwamfutarka. Ƙananan suna kamawa daga dala 5 zuwa 6 a wata, wajen riyal 19 zuwa 23 tunda dala riyal 3.75 ce, ka samu RAM ɗinka da lambar IP taka kai kaɗai, in aka kai maka hari ko aka sa ka a baƙin kundi kai ya shafa. Sai dai mutane su sani, a VPS ba wanda zai sabunta maka Linux, ba mai rufe maka ƙofofi, ba mai ajiye maka kwafin bayanai in ba ka biya an yi ba. Ka kunna sabuwa ka duba rajistar masu ƙoƙarin shiga ta SSH, ƙofar sarrafa saba daga nesa, bayan 'yan awoyi, za ka ga baƙin lambobi daga ƙasashe daban-daban suna gwada root da admin da 123456. Don haka in yaron da ya haɗa maka bot ɗin karɓar kuɗinsa zai yi ya ɓace, ku yi magana tun yanzu kan wa zai riƙa kula da sabar duk wata da kuma nawa za a ba shi, a sa shi cikin lissafin tun kafin a saya.